Aikin kabine a Yamai ko riƙon lissafin Alhaji a Maraɗi?

Nafisa Ali Ɗan Sofo: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Shawara nake nema. Na gama master a fannin gudanar da kamfanoni, na yi sabis sibik, yanzu hanya biyu ce gabana. Wani kabine na masu ba kamfanoni da furoje shawara ya kira ni Yamai, kwantaragin shekara ɗaya, jika 250 a wata ban da kuɗin misiyon. Nan gida kuma abokin babana mai shigo da shinkafa da man girki yana neman mai riƙe masa lissafi, jika 150, in kwana gidanmu in ci tuwon Inna. Inna ba ta son zancen Yamai. Baba ya ce in tambayi waɗanda suka san aikin. Don Allah wanda ya taɓa yi ya gaya mini daɗinsa da wuyarsa, ba ɓoyo.

Habibu Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Lawali, Anti Rabi, Mamman Sani, ga taku ta samu. A yi muhawara da ladabi don Allah, kar a maimaita irin ta rannan.

Lawali Bagalam: Ƙanwata barka da arziki, ba kowa ake kira ba. Na yi aikin nan shekaru kafin in dawo gida, bari in fara da abin da za ki riƙa yi, don sunan aikin ya fi aikin kyau. Kabine a ƙasar nan da wuya ki ga babban ɗan kasuwa ya kira shi ya ce ku duba mini inda zan dosa nan da shekara biyar. Yawancin cinikin daga furoje yake zuwa, da ƙungiyoyin agaji, da ma'aikatun gwamnati: a yi binciken farko kafin furoje ya fara, a auna shi a tsakiya, a auna shi a ƙarshe, a rubuta kundin ƙa'idojin kashe kuɗi, a tace masu neman aiki, a horar da ma'aikata, a binciki lissafi. Ke sabuwa, naki shi ne tsara tambayoyi, bin masu tattara bayanai ƙauye, share alƙaluma a Excel, da rubuta kashi uku cikin huɗu na rahoton da maigida zai sa wa hannu.

Daɗinsa kuwa, wallahi ban san aikin da ke buɗe wa yaro ido da sauri kamarsa ba. Wata guda kina kan cinikin albasar Galmi, daga gona har iyakar ƙasa. Wata mai zuwa kina cikin littattafan wani asusun adashi da bashi a Tasawa. Na gaba kina zaune da likitoci kina tambayar yadda magani ke fita daga magaza. Wanda ya zauna biro ɗaya sai ya yi shekara goma bai ga rabin wannan ba. Za ki koyi tsayawa gaban sakatare janar na ministai ki yi bayani cikin minti goma muryarki ba ta rawa. Za ki koyi rubuta shafi biyu da za a karanta. Kuma lambobin wayar da za ki tara a shekara biyu, su ne za su ciyar da ke daga baya. Duk aikin da na samu bayan na bar kabine, wanda na taɓa yi wa bincike ne ya kira ni.

Wuyarsa lokaci. Dokar aiki ta 2012 ta ce awa 40 a sati. A kabine wannan magana ce ta takarda. In ranar ajiye takardun neman kwangila Litinin ce ƙarfe 10 na safe, to Asabar da Lahadi ba naki ba ne, kuma in kuran ya ɗauke a kan injin za a kwana. Da azumi ma haka, a sha ruwa a biro a koma kan kwamfuta.

Sha'aibu Gidan Rumji: Yaya Lawali ka faɗi na masu zama cikin sanyi. Mu da ake aikawa da tablet kan kabu-kabu fa? Na yi wa wani kabine tattara bayanai a ƙauyukan Dakoro, gida ashirin a rana, rana na dukan ka, mai gida ya ce tambayoyin nan an yi masa su bara da bara waccan kuma bai ga komai ba. Muka gama, aka ce sai furoje ya amince da rahoto kafin a biya mu. Har damina ta faɗi muna bin kuɗinmu.

Lawali Bagalam: Gaskiyarka Sha'aibu, kuma ya kamata Nafisa ta ji wannan, don ita za a sa ta riƙa ɗaukar wayarku tana ba da haƙuri a kan kuɗin da ba ita ta riƙe ba. Yadda abin yake, ana biyan kabine kashi-kashi: wani abu in an sa hannu, wani in an kai rahoton wucin gadi, sauran sai an yi taron amincewa. Ƙaramin kabine da ba shi da ajiya, da kuɗin wannan aiki yake toshe ramin wancan. Mai gaskiya yana cin bashin banki ya sallami yaransa. Marar gaskiya ya kashe waya.

Mamman Sani (Dakar): Salam jama'a. Ina ganin a raba abu biyu, don yara da yawa suna karanta labarin McKinsey a intanet su ɗauka shi ne abin da za su tarar a unguwar Plateau ta Yamai. Manyan nan uku, McKinsey da aka kafa a Chicago a 1926, BCG a 1963, Bain a 1973, babu wanda ke da biro a Yamai, mafi kusa da mu sai Najeriya. Sai manyan masu binciken lissafi huɗu, Deloitte, PwC, EY da KPMG, waɗanda su ma suna da ɓangaren ba da shawara. Irin waɗannan gidaje albashinsu ya fi, horonsu ya fi, sunansu kaɗai a takardarki yana buɗe ƙofa. Amma tsarinsu shi ne ko ka hau ko ka fita. Kowane mataki yana da wa'adinsa, in lokacin ƙarin girma ya yi ba a ga ka isa ba, cikin mutunci za a nuna maka hanya. Kowace awa ta ranarka sai ka rubuta wane abokin ciniki za a caje ta. Sati biyu ba a sa ka a wani aiki ba, ka fara rasa barci.

Shigarsu ma daban. Ba a tambayarki abin da kika haddace. Za a ce, misali, buhu nawa na hatsi garin Maraɗi ke ci a rana, a ba ki takarda da alƙalami. Ba amsar suke so ba, suna so su ga yadda za ki kama mutanen gari, ki raba su gida-gida, ki ƙiyasta tiya nawa gida ke ci, ki cire masu cin shinkafa da taliya, ki faɗi inda lissafinki ke da rauni. Ko kabinen Yamai za ki je, ki koyi wannan tunanin, shi ne jarin aikin gaba ɗaya.

Nafisa Ali Ɗan Sofo: Na gode Yaya Mamman. Wanda ya kira ni ƙarami ne, mutum goma sha wani abu ne a ciki. Daga irinsa ana iya tsallakawa zuwa manyan?

Mamman Sani (Dakar): Ana yi, amma ba kai tsaye ba galibi. Ingilishi sai ya zauna, sannan yawanci a ƙara wata makaranta, irin CESAG, makarantar koyon gudanarwa da ke nan Dakar, ko waje. Kuma ki sani aikin ƙananan ma'aikata shi na'urorin nan irin ChatGPT suka fara ci: taƙaita takardu, tsara allunan PowerPoint, fassara. Abin da ya rage mana da ba su iya ba shi ne zama kan tabarma da mai gari a gane lokacin da yake faɗin abin da yake ganin baƙo na son ji.

Malam Isuhu Zariya: Na karanta duka. Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, rahotannin nan a kan teburina suke sauka, saboda haka bari in kawo ɗaya gefen. Nafisa, tambayar ba ta tsaya kan nawa za ki samu ba. Mene ne amfanin abin da za ki yini kina yi? Na ga rahoto mai shafi 120 da aka biya miliyoyi, aka yi taron amincewa a otal, aka ci kaji, aka raba kuɗin zama, aka sa shi a kabad. Bayan shekara uku wani mai ba da tallafi ya zo ya sa a sake binciken nan dai, wani kabine ya ɗauko na farkon ya canza shekara. Abin da ke ciki kuma, ma'aikacin gona na gunduma ya san shi tun kafin a haifi mai rubutun, ba a dai tambaye shi ba sai a matsayin wanda za a yi wa tambayoyi na minti talatin.

Manyan da Mamman ke yabo ma ba waliyyai ba ne. A 2021 McKinsey ya yarda ya biya jihohin Amurka dala miliyan 573 saboda shawarar da ya ba kamfanin Purdue kan yadda zai ƙara sayar da maganin ciwo mai sa maye, alhali mutane na mutuwa. A Afirka ta Kudu sai da ya mayar wa kamfanin lantarki na Eskom kuɗin da ya karɓa. Bain ma ya shiga cikin badaƙalar hukumar harajin ƙasar. A Faransa majalisar dattawa ta fitar da rahoto a watan Maris 2022 da ya nuna gwamnati ta kashe fiye da euro biliyan ɗaya a 2021 wajen masu ba da shawara, kuma ma'aikatu sun fara mance yadda ake yin aikinsu da kansu. In Faransa mai tarin ma'aikata ta koka, ina ga mu?

Ku dubi kuma babban abin da jihar nan ta yi suna da shi a duniya, sassabe na zamani, barin kututture ya tofo a gona a riƙa gyara shi. An fara shi nan Maraɗi a shekarun 1980, Tony Rinaudo da manoma, daga baya ya bazu har ana maganar hekta miliyan 5 a ƙasar. Manomi ne ya nuna wa maƙwabcinsa. Masu bincike daga baya suka zo ƙirga itatuwa.

Lawali Bagalam: Allah gafarta Malam, ka yi gaskiya rabi. Rahoton da ya kwana a kabad, wa ya sa shi ciki? Mai rubutu ko mai kabad? Na taɓa rubuta wa wata hukuma cewa mutum ɗaya ne ke ba da odar kaya, shi ke karɓa, shi ke sa hannu a biya. Kowa a gidan ya sani, ba mai iya faɗi, don mutumin surukin wani ne. Da baƙo ya rubuta, sai shugaban ya samu abin riƙewa ya raba aikin uku. Wani lokaci abin da ake saye wurinmu ke nan, bakin da ba ya jin kunyar kowa a gidan. Sannan maganar sassaben, a Ɗan Saga da Agye ai furojen FIDA, asusun duniya na bunƙasa noma, ne suka taimaka abin ya yaɗu da kwamitocin tsaron itatuwa, kuma su ma da masu bincike suke aiki.

Malam Isuhu Zariya: Lawali, bakin da ba ya jin kunya, amma yana jin tsoron rasa kwangila ta gaba. Ka taɓa ganin kabine ya rubuta cewa furojen da ya biya shi ya faɗi warwas? Sai dai "an samu ci gaba mai gamsarwa, akwai ƙalubale".

Lawali Bagalam: Wannan kam ba zan musa ba. Akwai jimlar da na rubuta da zafi, ta fito daga biron maigida da sanyi.

Hajiya Rabi Mokoyo: Sannunku. Sai yanzu na samu zama. Nafisa ƙanwata, maza sun yi maganar duniya, bari in yi miki ta cikin gida. Na yi kabine kafin aure da bayan aure, na bari da cikin ɗana na biyu.

Misiyon ba yawon buɗe ido ba ne. Za a ce miki jibi za ki Diffa ko Tawa, sati biyu, ke kaɗai mace cikin mota da maza huɗu, masauki duk inda dare ya yi. Yawancin abokan aiki mutanen kirki ne, amma bakin unguwa ba ya tambayar haka, kuma mai neman aurenki zai ji labari kafin ki dawo. Wannan shi ne abin da ke ran Inna ko ba ta faɗa ba. Ki zaunar da ita ki gaya mata wurin wa za ki sauka a Yamai, da sunan matar da ke aiki a kabinen in akwai. In babu mace ko ɗaya da ta wuce shekara biyu a gidan, ki tambayi dalili. A gefe guda kuma, kasancewarki mace mai Hausa jari ne babba: mu kaɗai ke shiga cikin gida mu zauna da mata, kuma duk furoje yanzu yana son jin bakin mata. Kada ki yarda a biya ki kamar alfarma aka yi miki.

Sai tsaro. Kin san halin da ake ciki a wasu ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji na bakin iyaka, da yankin Tilaberi. Ki tambaya tun yanzu wa ke yanke hukuncin a shiga wuri ko kar a shiga, kuma in kin ce ba ki zuwa mene ne zai biyo baya. Kabinen da ya yi dariya da wannan tambaya, ki bar masa aikinsa.

Kuɗi kuma, jika 250 a Yamai ba jika 250 ba ce a Maraɗi. Cire haya, cire taksi, cire kuran da ruwa, cire abinci, cire kuɗin mota in za ki zo gida, tafiyar fiye da kilomita 600, ga ƴan uwa da suka ji kina aiki babban birni. In kika yi lissafi za ki ga abin da zai rage bai fi na mai jika 150 da ke cin tuwon gida ba. Kuɗin misiyon ne ke ɗaga mutum, shi kuma ba kowane wata ba.

Babban abin da ba wanda ya taɓo: aikin nan da kuɗin waje yake numfashi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka sa takunkumi masu ba da tallafi da yawa suka dakata, na san kabinen da suka sallami rabin yaransu cikin ƴan watanni. Aka fara farfaɗowa, sai Amurka ta tsayar da tallafinta a Janairu 2025, hukumarta ta ba da tallafi, USAID, ta rushe. Wanda ke kan kwantaragin shekara ɗaya shi ake fara cirewa. Ki tambaye su kai tsaye: ayyukan da ke hannunku yanzu na wa ne, yaushe za su ƙare? In duka daga mai ba da tallafi ɗaya ne, kin san inda kike tsaye.

Zali Sura Bildi: Anti Rabi kin gama magana. Ni dai ko jika 500 ce ba ni barin Maraɗi, zafin Yamai kaɗai ya ishe ni hujja 😂

Habibu Sabon Gari: Zali, wai Maraɗi Faransa ce a watan Afrilu?

Alhaji Umaru Kadro: Salamu alaikum. Yarona ka rubuta min, ni ka hwaɗi. Na ji zancen ku na masu shawara. Ni hwa tun ina yaro nike kasuwa, daga gyaɗa har zuwa turanzit. Wata shekara ɗana ya kawo min wani mai kwat daga Yamai, ya yi kwana ukku shina duba takardu, ya ce Alhaji matsalarka bashi, ka daina ba mutane kaya sai da kuɗɗi hannu. Na ce yaro, mutanen ga da kake gani, wani ubanai ya ɗauki kaya wurin ubana. In na hana su bashi gobe suna Jibiya wurin wani. Kasuwar Maraɗi amana ce ka tahiyad da ita. Na biya shi na sallame shi.

Amma don Allah, gaskiya guda ce. Wata yarinya da ta zo tare da shi, ita ba ta yi surutu ba, ta shiga magaza ta ƙirga buhu ɗai-ɗai, ta gwada da littahi. Abin da ta gano shina ɓacewa duk wata, ban gaya ma kowa yawanshi ba har yau. Wannan ita ta yi min aiki. To ɗiyata Nafisa, in aikin ku irin na yarinyar nan ne, muna so. In irin na mai kwat ne, ku riƙe abinku.

Mamman Sani (Dakar): Ranka ya daɗe Alhaji, mai kwat ɗin ma da ya iya aikinsa ba cewa zai yi a daina ba da bashi ba. Zai jera masu bashin ne, wa ke biya cikin wata, wa ke kai wata shida, wa bai biya ba tun rufe iyaka ta 2019, ya ce maka ga mutum goman da ke riƙe da rabin jarinka. Hukunci naka ne.

Alhaji Umaru Kadro: To wanga zance ne. Amma ka san mi ya sa ba mu buɗe ma baƙo littahi? Yau ya gani, gobe mutanen lanho sun ji.

Lawali Bagalam: Nan ne gizo ke saƙa, Alhaji. Kasuwar gaskiya ta masu ba da shawara a ƙasar nan ba ta Yamai ba ce, tana cikin magazozin Maraɗi, kuma har yau ba a taɓa ta ba saboda abin da ka faɗa. Dukiya mai yawa tana kan mutum ɗaya da ƙwaƙwalwarsa, ranar da ya kwanta dama magada su tarar ba a san wa ake bi ba, wa ke bi. Gidaje nawa muka gani a garin nan sun watse a ƙarni na biyu? Ga banki ba ya ba da bashi sai da lissafi a SYSCOHADA, tsarin lissafin kamfanoni na ƙasashen yankinmu, wanda aka sabunta tun 2018. Ga hukumar haraji da tsarinta na rasit mai shaida. Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza tubalinsa a 2021, in Allah ya sa ya iso, manyan ƴan kasuwar Kano da akantocinsu za su shigo mana har gida. Dole wani ya yi wa Alhazai wannan aiki, kuma sai ɗan gida da aka san gidansu. Shi ya sa ni ra'ayina, Nafisa ta je kabine ta yi shekara biyu ko uku ta koyi hannu, ta dawo. In ta fara da wurin Alhaji yau, ba ta da wanda zai gyara mata kuskure, abin da ta sani daga makaranta a nan za ta tsaya.

Hajiya Rabi Mokoyo: Na yarda da Lawali kan koyo, amma kar a ɗauka aikin abokin baba hutu ne. Galibi ba kwantaragi, ba rajista a CNSS, asusun fansho na ma'aikata, albashi sai an tuna. Ranar da kika ga ɗan Alhaji na ɗibar kuɗi daga aljihun kanti, wa za ki gaya wa? In kin faɗa zumuncin shekara talatin ya taɓu, in kin yi shiru gobe a ce lissafinki ne bai daidaita ba. A kabine ko ba komai in an ɓata ba a biyo ki gida.

Malam Isuhu Zariya: Shekara biyu ta dawo, haka kowa ke cewa. Nawa suka dawo? Ana sabawa da otal da kuɗin zama, sai mutum ya kai shekara arba'in ya iya gaya wa kowa yadda ake tafiyar da kamfani, shi bai taɓa biyan albashin mutum biyar daga aljihunsa ba. Kuma wanda bai taɓa ɗaukar asara ba, shawararsa ba ta da nauyi wurin irin su Alhaji. Ni da ɗiyata ce, zan ce ta shiga inda za ta ga sakamakon hukuncinta da idonta.

Lawali Bagalam: Ni na dawo, Malam.

Malam Isuhu Zariya: Kai ma sai da Hajiya ta yi maka aure nan ta ɗaure ka.

Habibu Sabon Gari: 😂 Malam a bar tone-tone.

Nafisa Ali Ɗan Sofo: Allah ya saka da alheri, na kwafe tambayoyin Anti Rabi na kira su ɗazu. Sun ce mata biyu ne a gidan, ɗaya ta shekara huɗu, sun ba ni lambarta. Ayyukansu na yanzu uku ne, biyu na furoje, ɗaya na wani banki. Amma sun ce wata uku na farko gwaji ne, sai bayan nan za su sa ni a CNSS. Sannan sun ce in aiko da CV ɗina yau don su sa cikin wata kwangila da suke nema, tun ban sa hannu ba. Haka ake yi?

Hajiya Rabi Mokoyo: Gwaji ma aiki ne, ban san dalilin da zai sa a jinkirta rajistarki ba. Ki leƙa wurin sufeton aiki nan Maraɗi ki tambaya, kyauta ne, kuma ki sa a rubuta ranar fara aiki da tsawon gwajin cikin kwantaragi. CV kuwa kar ki ba da sai da takardar da ta faɗi wace kwangila ce da matsayin da aka sa ki. Akwai masu tara takardun mutane su ci kwangila da su, mai takarda bai ma sani ba, wani ya je ya yi aikin da sunansa. Matar nan da suka ba ki lambarta, kar ki kira ta lokacin aiki, ki bari sai bayan isha'i tana gida. Ki tambaye ta ranar nawa ga wata albashi ke shiga, da ko an taɓa tsallake wata.

Sha'aibu Gidan Rumji: Ki tambaye ta har da ko suna biyan masu tattara bayanai kafin rahoto ko bayan rahoto. In kafin ne, ki tuna da ni.

Alhaji Umaru Kadro: Lawali, kai da ka dawo gida, magaza biyu gare ni hanyar Ɗan Isa. Nawa za ka amsa ka zo ka yi min irin jerin masu bashin da yaron Dakar ya hwaɗi? Amma littahi ba shi hita daga shagona.

Lawali Bagalam: Ranka ya daɗe, mu da yini muke lissafi. Sai na ga yawan littattafan kafin in ce yini nawa ne. In zo Asabar bayan la'asar?

Alhaji Umaru Kadro: Yini? A'a, ka hwaɗi kuɗɗin aiki duka a yi ciniki. Wanda aka biya da yini ba shi gamawa. Ka zo Lahadi, Asabar ina Katsina.